Muryarsa a Bayan Tawa

Ina tankaɗe garin masara a tsakar gida aka shigo mini da labarin. Ranar Laraba ce, da hantsi. Yaya Mama, yayar mijina, ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a kaina ta ce in ajiye rariyar. Na ce saura kaɗan. Sai ta durƙusa ta karɓe ta da kanta, ta kifa a kan kwano, sannan ta faɗa mini cewa babbar motar auduga ta haɗu da moton Baban Ikram, wato babur ɗinsa, a hanyar Bibemi, kuma ko asibiti ba a kai da shi ba.

Sunansa Bilya, amma ni Baban Ikram nake ce masa tun da aka haifi 'yarmu. Kafin la'asar an kai shi. Kayan da aka kawo mini a leda su ne hularsa, gilashinsa da ƙafa ɗaya ta karye, wayarsa da ta farfashe, da wani makullin kwado a ɗaure da jan ƙyalle. Ban san makullin ba. Na jefa ledar a ƙarƙashin gado.

Aikinsa kashe ƙwarin hatsi. Yana aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Garuwa, 'yan kasuwa masu tara masara da dawa da wake suna kiran sa zuwa mangazarsu, wato ɗakin ajiyar kaya. Sai ya lulluɓe buhunan da tamfol, ya sa wasu ƙwayoyi masu launin toka a ƙarƙashi, ya toshe tagogi da ƙofa. Idan iska ta taɓa ƙwayoyin nan sai su riƙa fitar da guba wadda ido ba ya gani, warinta kamar tafarnuwa. Tana kashe duk abin da ke numfashi, ba ƙwaro kaɗai ba. Bayan wasu kwanaki shi da kansa zai koma da takunkumi a fuska, ya buɗe, ɗakin ya sha iska, ya kwashe tokar da ta rage ya binne.

Kowane aiki yana da takardarsa. Doka ce, mutanen gwamnati na aikin gona suna zuwa ofis su duba. Ana rubuta sunan mai kaya, da unguwa, da irin maganin, da yawan ƙwayoyin, da ranar rufewa da ranar buɗewa, da sunan duk wanda aka gargaɗa ya nisanci wurin. Kuma a wurin aikin ake so a cika ta, nan take.

Shi bai taɓa cika ta a can ba. Ya ce ba zai taɓa alƙalami da hannun guba ba, sannan ya dawo gida Ikram ta ɗauki alƙalamin ta sa a baki. Ga shi rubutun Faransanci yana ba shi wahala, sai ya sa gilashi ya natsu. Saboda haka ranar Lahadi yake zama ya cika na mako duka. Ni ce nake riƙe masa su kafin Lahadin.

Ga yadda muke yi. Idan ya dawo gab da magariba ba ya taɓa kowa. Kai tsaye bayan ɗaki yake wucewa, inda na ajiye masa bokiti da sabulu da bahon kayansa daban. Yana wanka sai ya ɗaga murya daga bayan katanga:

"Sakatare, a buɗe ofis."

"Ofis yana tuƙa tuwo," in ce masa. "A yi magana da ƙarfi."

Sai ya lissafo mini aikin ranar, ni kuma in maimaita masa. Idan na yi kuskure ya ce za a sallame ni, a ɗauko wadda ta gama makaranta. In ce ya je ya ɗauko, mu ga ko za ta yarda ta wanke masa wannan wandon. Ranar Lahadi ya baje takardunsa a tabarma yana tambaya ta, Litinin ina na je, Talata fa, ina faɗa yana rubutawa. Shekaru muna haka ban taɓa ɓatar masa da aiki ko ɗaya ba. Ina alfahari da abin, har maƙwabta na sha faɗa wa.

Washegarin rasuwar, gida cike da mata, wata ta shigo da siket da ɗan kallabi da ta ɗaura don girmama makoki. Christelle ce, mai riƙe takardu a ofishinsu. Na san muryarta a waya, ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Ba ta jin Hausa sosai, da Fillanci muka gaisa. Ta zauna a bakin tabarma har mutane suka ɗan ragu, sannan ta matso kusa da ni, ta ce in yafe mata, ta san ba ranar wannan magana ba ce, amma maganar ba za ta jira ba.

Ta ce sun buɗe akwatin aikinsa da aka ɗauko daga wurin haɗarin. Takardun makon nan duka farare ne, wannan ba ta yi mamaki ba. Aikin Litinin ta san shi, don ta ofis aka kira. Na Bibemi bai kai ga yi ba. Amma da ta ƙirga gwangwanayen maganin, sai ta ga akwai wanda ya ƙare wanda ba ta san inda aka sa shi ba. Wato ranar Talata ya rufe wata mangaza a cikin garin nan, da guba a ciki, kuma ba wanda ya san inda take. Ta ce wani lokaci 'yan kasuwa a masallaci suke tare shi, ya je ya yi, sai Litinin ya kawo takardar.

"Ya sha gaya mini ke ce littafinsa," ta ce. "Talata ina ya je, Madam?"

Na buɗe baki in faɗa, kamar yadda na saba. Babu komai.

Na san dalili. Ranar Talatar nan ƙanwata Hindu, wadda ke aure a Mora, ta turo mini hotunan atamfa na ankon bikin 'yar kawunmu. Ita tana son ruwan goro, ni ina son shuɗi, tun azahar muke jayayya ta waya. Da ya shigo ina zaune a kan turmi da wayar a hannu. Na ji ya wuce, na ji ƙarar bokiti, na ji yana magana. Na ce masa to, to. Ban maimaita ba. Shi ma da ya gaji, bai tsaya ya ce in maimaita ba.

Abu ɗaya ne ya maƙale mini. Na tuna ya ce, "Ki tuna mini gobe." Abin da zan tuna masa kuwa ban riƙe ba. Da safe na ba shi kunu da ƙosai, na ɗaura masa akwatin a bayan moto, na yi masa a dawo lafiya.

Na faɗa wa Christelle haka, ban rage komai ba. Na ɗauko makullin mai jan ƙyalle na nuna mata. Ta juya shi a hannu, ta ce in dai makullin yana wurinsa, to mai kayan ya yi tafiya ke nan, ba kuma zai neme su ba sai ya dawo. Ta ce abin tsoron biyu ne: wani ya fasa kwadon ya shiga ɗaukar buhu, ko kuma akwai ɗaki a jikin mangazar da mutum yake kwana, don gubar tana bin tsagar bango. Ba ta zarge ni ba. Ta ce ita ce take karɓar takardu a makare kowace Litinin tana yin shiru. Ta bar mini lambarta ta tafi zagaya kasuwanni tana tambaya.

Daga nan kukan da nake yi ya canza. Mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare, ina amsa musu, amma hankalina yana bayan katangar wanka. Na je na tsaya a wurin. Na zauna a kan turmin da na zauna ranar. Na ɗauko wandon da ya sa, wanda ban riga na wanke ba, na zazzage aljihunsa: ƙwayar masara biyu da tsinken sakace. Masara kuwa kowace mangaza a Garuwa tana da ita. Yaya Mama ta same ni ina shinshinar rigarsa, ta ɗauka kewa ce, ta rungume ni. Na bar ta a haka.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar uku. Hindu ta iso da safe, ta sha hanya, ƙafafunta sun kumbura. Bayan an watse daga addu'a muka shiga ɗaki ni da ita, ta kwanta a cinyata kamar lokacin da muke yara. Tana kuka ta ce ita abin da ya fi damun ta, a hanya ta yi ta sauraron saƙon muryar da na tura mata ranar Talata, don akwai muryarsa a ciki.

Na ce wace murya.

"Yaya, ba ki ji ba? Kina ta faɗa a kan shuɗi, shi kuma yana can baya yana ta surutunsa, ruwa yana zuba."

Na miƙa mata wayata, ita ta buɗe. Muka kara ta a kunne mu biyu.

Muryata ce a gaba, da ƙarfi, ina cewa ruwan goro kalar tsofaffi ce, duk wadda ta sa za ta fito kamar buhun albasa. Ina dariya. A bayan dariyar sai ga shi. Sakatare, a buɗe ofis. Na ji kaina na ce to, ina ji, na ci gaba da maganar atamfa. Sai da muka mayar da saƙon baya sau da yawa kafin muka tsinci maganarsa daga ƙarƙashin tawa. Ya ce mangazar Alhaji Taufiƙ, wajen Mai-agwagi, masara, an rufe yau, sai Talata mai zuwa a buɗe, Alhajin ya tafi Kusiri ya bar masa makulli. Sannan ruwa ya zuba, sannan ya ce:

"Tsohon ba ya nan, wai ya tafi Pitowa wurin 'yarsa, gobe zai dawo. Ɗakinsa a jikin bangon yake. Ki tuna mini gobe in biya in hana shi kwana a ciki."

Ni kuma na ce, "To." Sannan na ce wa Hindu ta tambayi tela ko yadi shida zai isa.

Mai-agwagi na san shi a baki. Baba Adum sunansa, tsoho ne mai saƙa tabarma, yana gadin mangazar, yana kiwon agwagi. Baban Ikram ne ya sa masa sunan. Bara tsohon ya taɓa aiko mini da ƙwan agwagwa a cikin hula. Na kira Christelle na ce mata unguwar Lainde ce, ta wajen kogi. Ta ce Lainde babba ce, wane layi? Na kasa kwatantawa. Sau ɗaya muka bi ta wurin a moto muna dawowa daga suna, ya nuna mini da baki ya ce ga gidan abokina. In na gani zan gane, amma ba zan iya faɗa ba.

Na ɗauki hijabi. Yaya Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ina za ni, mace mai takaba, ƙasar kabarin mijinta ko bushewa ba ta yi ba, ga mutane a zaure, me za a ce. Hindu ce ta kara mata wayar a kunne. Da ta ji muryar ƙanenta sai ta dafa bango. Ta saurara har ƙarshe, ta cire takalminta ta turo mini, don nawa sun ɓace a cikin na 'yan gaisuwa. Ta ce in bi ta ƙofar baya.

Christelle ta zo da moto biyu, ita a ɗaya da jakar takunkumi, ni a ɗaya. Mun shiga layi ya fi uku ina cewa ba nan ba. Mai moton ya fara ƙorafi, har sai da na ga wata bishiyar mangwaro da aka sare wa gefe ɗaya saboda wayar lantarki, na ce ya karya nan.

Agwagin na fara gani. Wasu suna ta yawo a kwata, amma guda uku suna kwance a gindin bangon mangazar, wuyansu a miƙe, ƙudaje a kansu. A ƙofar mangazar ga takardar gargaɗi da ya manna, da hoton ƙoƙon kai, da rubutun Faransanci. Amma ƙofar tsohon ta ɗaya gefen take kallo, kuma ko da ya gani ba ya karatu.

Christelle ta hana ni matsawa. Ta sa takunkumi ta tura ƙofar langa-langar ta shiga, ta fito tana kiran masu moton su riƙe numfashi su taimaka mata. Suka fito da shi a kan tabarmarsa suka ajiye a inuwar mangwaro. Yana da rai. Ɗan ƙaramin tsoho ne, ya yi amai a rigarsa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar wanda ya yi gudu. Wata maƙwabciya ta ce tun jiya yake fama, sun ɗauka zazzaɓin sauro ne, har sun sayo masa magani, suka ce ya kwanta a ɗaki ya rufe ƙofa kada iska ta buge shi.

Na durƙusa ina yi masa fifita da gefen hijabina. Ya buɗe ido ya tambaye ni da Fillanci ni wace ce. Na ce matar mai maganin ƙwari ce.

"Bai zo ba," ya ce. "Na ajiye masa ƙwai."

Ban faɗa masa ba a lokacin. Aka ɗora shi a moto a tsakanin mutum biyu zuwa asibiti.

Da yamma Christelle ta dawo gidanmu da farar takarda. Ta ce dole a cika ta, mutanen gwamnati za su tambaya, asibiti ma suna son sunan maganin a rubuce. Muka zauna a tabarmar da yake zama ranar Lahadi. Ta sa wayar a tsakani, tana saurara tana rubutawa, inda muryata ta danne tasa ni nake faɗa mata abin da ya ce. Da ta zo layin ƙarshe, na mutanen da aka gargaɗa, sai ta tsaya.

Na roƙe ta ta rubuta cewa ya yi niyya. Ta ji da kunnenta, ba mantawa ya yi ba, ni ya bar wa. Ta ce babu wurin niyya a takardar, abin da aka yi kawai ake tambaya. Na ce to ta rubuta sunana, a san ta wurina abin ya faɗi. Ta ce nawa ma babu wurinsa. Ta rubuta kalma ɗaya. Na tambaye ta me ta ce, ta ce, "Babu kowa." Ta sa hannu a ƙasa da sunanta, inda nasa ya saba zama.

Baba Adum ya fito daga asibiti, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Ya daina saƙa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Pitowa, aka sayar da sauran agwagin. Da damina ta kama sai muka ji ya rasu. Christelle ta ce likita ya ce tsufa ne da zuciya, ba za a iya cewa gubar ce ba, ba za a iya cewa ba ita ba ce. Ta ce yanzu a ofishinsu ba mai barin wurin aiki sai ya cika takarda ya ɗauki hotonta ya turo mata, kuma ba a sa magani in ba a ga mai ɗakin da ke jikin bango ido da ido ba.

Kowa ya ba ni haƙuri. Yaya Mama ta ce ƙanenta ne ya kamata ya jira tsohon ya dawo kafin ya rufe. Malamin unguwarmu ya ce ba a kama bawa da mantuwa. Na yarda da su duka, ban yi musu ba. Amma ni na san ba mantuwa na yi ba, don sai ka ji abu kake manta shi. Kuma akwai lissafin da ban faɗa wa kowa ba sai Hindu. Da na tuna masa da safiyar Larabar nan, da Lainde zai fara biyawa ya bar wa maƙwabta saƙo, da motar audugar ta wuce kafin ya hau hanyar. Hindu ta ce in bar wannan, shiga ikon Allah ne. Na yi istigfari. Lissafin yana dawowa dai.

An yi bikin 'yar kawunmu ina cikin takaba, ban je ba. Shuɗin aka zaɓa. Hindu ta aiko mini da nawa, yana cikin akwati ba a ɗinka ba.

Wayar ta tsufa, gilashinta ya tsage, Ikram tana ta cewa in canza. Na sa ta tura saƙon a tata da ta Yaya Mama saboda tsaro, amma ni a wannan nake ji. Kullum gab da magariba, in na ɗora ruwan tuwo, sai in zauna a kan turmin in kunna. Yanzu kunnena ya iya tsallake muryata, tasa kawai nake bi. Idan ya gama sai in tsayar, in maimaita masa a hankali kada Ikram ta ji: mangazar Alhaji Taufiƙ, wajen Mai-agwagi, masara, a buɗe Talata, a hana tsohon kwana a ciki. Sannan in tashi in zuba gari.